Ga Rana Ga Duhu: Makomar Kamfanonin Hidimar Makamashi A Sakkwato

Idan ana lissafin garuruwan da Allah Ya wadata da hasken rana a faɗin ƙasar nan, ba za a yi nisa ba sai an ambaci Sakkwato. Daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da bazara ke tsaka, ma'aunin zafi kan haura 40, har jama'a su kwashe shimfiɗunsu daga ɗaki su koma kwanan tsakar gida. Abin takaicin shi ne a daidai wannan lokaci ne wutar lantarki ke ƙara yin wuya, fanka ta tsaya cik, ƙanƙara ta koma abin kai wa maras lafiya a matsayin dubiya. Rana har ta yi mana yawa, amma da zarar ta faɗi sai duhu da rurin janareta. Ba mu kaɗai ba ne a cikin wannan hali, domin a shekarar 2021 Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa 'yan Nijeriya miliyan 85 ba su da wutar da ke zuwa ta babban layi na ƙasa, kuma rashin tsayayyar wuta na jawo wa ƙasar asarar kimanin dala biliyan 26 a kowace shekara.

A unguwarmu ta Minanata, kamar yadda yake a Mabera da Gawon Nama da Runjin Sambo, duk wanda ya ɗaga kai zai ga farantan sola sun fara mamaye rufin gidaje da shaguna da masallatai. Wannan ci gaba ne, babu ja. Sai dai kowa gaban kansa yake ci: mai hali ya tara kuɗi ya sayi kayansa, ya nemo yaro ya haɗa masa, in batura sun mutu bayan shekara ɗaya ko biyu ya rungumi ƙaddara. Maras hali kuwa, wanda shi ne mafi yawa, sai kallo. Shi ya sa nake ganin lokaci ya yi da za mu tattauna wani nau'in kasuwanci da ya taimaki wasu ƙasashe masu tasowa, wato kamfanonin hidimar makamashi, mu dubi damar da ke gabansu a wannan gari namu, da kuma tarnaƙin da zai iya hana su miƙewa.

Mene ne kamfanin hidimar makamashi?

Hanya mafi sauƙi ta fahimtar wannan kasuwanci ita ce mai karatu ya tuna da ɗan ga-ruwa. Magidanci ba ya haƙa rijiya, ba ya sayen kura da jarkoki. Ruwa yake so, ruwa ake kawo masa, kuɗin ruwan da aka zuba masa a randa kaɗai yake biya. Ranar da tayar kura ta fashe, gyaranta na wuyan mai ita. Haka abin yake ga mai injin niƙa, haka ga mai shagon cajin waya, haka kuma ga mai janareta a kasuwa da ke ja wa rumfuna waya, da yamma ya bi ya karɓi kuɗinsa a kan kowane ƙwai da kowace fanka. Ashe ke nan tushen abin ba baƙo ba ne a wurinmu, girma da tsari da rubutacciyar yarjejeniya ne kawai suka bambanta.

Tsakanin dillalin kayan sola da kamfanin hidima akwai tazara mai yawa. Dillali ya gama cinikinsa ranar da ya karɓi kuɗi, abin da ya biyo baya tsakanin mai saye ne da sa'arsa. Shi kuwa kamfanin hidima a ranar da ya kafa kaya ne aikinsa ke farawa, domin shi ya zuba jarin, kayan nasa ne, kuma ba zai ga kwabo ba sai wuta ta kama, firji ya yi sanyi, famfo ya kawo ruwa. Saboda haka dole ya sayi mai inganci, dole ya riƙa zuwa yana dubawa. Ribarsa tana rataye ne da jin daɗin mai hulɗa da shi.

Irin waɗannan kamfanoni sun kasu gida biyu. Na farko su ne masu samar da wutar da kansu, ko dai su kafa ƙaramar tasha ta unguwa ko ƙauye ko kasuwa su saka wa kowa mita, ko su ɗora wa gida ko shago kayan sola a riƙa biya da kaɗan-kaɗan. Na biyu su ne masu kwangilar tsimi, waɗanda ake biya daga cikin rarar da suka samar. Alal misali, mu ƙaddara wani asibiti mai zaman kansa yana kashe naira miliyan 1 kowane wata a kan man dizal da kuɗin wuta. Kamfani ya zo ya auna komai, ya cire ƙwayayen da ke cin wat 60 ya saka na zamani masu cin wat 9 da haskensu ya yi kusan ɗaya, ya musanya tsofaffin na'urorin sanyaya ɗaki, ya ɗora farantai a rufi, duk da kuɗinsa. Sai abin da asibitin ke kashewa ya sauko zuwa naira 400,000. Daga rarar naira 600,000 kamfani ya riƙa ɗaukar 450,000 har tsawon shekara biyar, asibiti ya riƙe 150,000, bayan wa'adin kuma kaya su zama mallakin asibiti. Idan rarar ba ta samu ba, asarar ta kamfani ce. Mai asibiti bai ciro ko sisi daga aljihunsa ba, amma ya fara cin moriya tun watan farko.

Yadda wasu ƙasashe suka yi

A Faransa aka fara ganin irin wannan tsari, inda kamfanoni ke ɗaukar kwangilar ɗumama manyan gine-gine a lokacin sanyi, ana biyan su a kan ɗumin da suka samar. A Amurka kuwa tashin farashin mai na 1973 da 1979 ne ya haifar da kamfanonin tsimin makamashi, kuma har yau ma'aikatun gwamnati da makarantu da asibitoci ne manyan abokan cinikinsu. Amma misalin da ya fi kusa da mu shi ne na ƙasashen da suka taso daga talauci. A shekarar 1998 ƙasar Sin, da tallafin Bankin Duniya, ta kafa kamfanonin gwaji guda uku kacal a Beijin da Liyawnin da Shandon. Daga waɗannan ukun ne kasuwar ta yi rassa har ta zama mafi girma a duniya. Indiya ta kafa kamfanin EESL a 2009, kuma daga 2015 ya riƙa sayen ƙwayayen lantarki masu tsimi da yawan gaske a lokaci guda, abin da ya karya farashinsu warwas, ya raba sama da miliyan 360, talakawa da dama suna biya da kaɗan-kaɗan ta cikin takardar kuɗin wutarsu. A Kenya kamfanin M-KOPA ya fara bai wa gidaje kayan sola bashi a 2012, ana biya kullum ta wayar salula, in an daina biya na'urar ta kulle kanta. A nan gida ma kamfanin Lumos ya haɗa gwiwa da MTN a kan makamancin wannan tsari.

Darasin da na tsinta a cikin waɗannan misalai guda ɗaya ne. Babu inda wannan kasuwanci ya tashi da ƙafarsa shi kaɗai. A Sin akwai jari mai haƙuri da aka tanadar masa, a Indiya akwai gwamnati da ta tara masa masu saye, a Kenya akwai hanyar biyan kuɗi ta waya da jama'a suka riga suka amince da ita tun 2007. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Abin da ya buɗe ƙofa a Sakkwato

Dalili na farko da ya sa nake ganin wannan kasuwa tana da makoma a nan shi ne raunin babban layi. Sakkwato tana can ƙarshen waya. Wutarmu tana tasowa ne daga wajen Kainji ta biyo ta Birnin Kebbi kafin ta iso mana, shi ya sa lokacin da gobara ta tashi a tashar rarraba wuta ta Birnin Kebbi a watan Satumban 2023, Kebbi da Sakkwato da wani yanki na Zamfara suka auka cikin duhu gaba ɗaya. Idan mai karatu bai manta ba, an yi NEPA tun 1972, dokar gyaran fannin lantarki ta 2005 ta mayar da ita PHCN, aka sayar da kamfanonin rarrabawa a 2013, namu na Kaduna mai kula da jihohin Kaduna da Kebbi da Sakkwato da Zamfara ya koma hannun 'yan kasuwa a ƙarshen 2014. A watan Janairun 2024 hukumar NERC mai sa ido a kan harkar lantarki ta rushe shugabancin kamfanin saboda bashin da ya kai naira biliyan 110. Ƙasa mai mutum sama da miliyan 200 tana raba abin da bai cika wuce megawat 5,000 ba, to nawa zai iso ƙarshen layi?

Jiha ma ta gwada tata dabarar. A 2008 gwamnatin Alhaji Aliyu Magatakarda Wamakko ta ba da aikin gina tashar lantarki ta jiha mai ƙarfin megawat 38. Wa'adin wannan gwamnati ya ƙare a 2015, na wadda ta gaje ta ya ƙare a 2023, jama'a ba su ga wutar tashar a gidajensu ba. Ko ba komai wannan ya koya mana cewa babbar tasha mai shan mai, a garin da babu bututun iskar gas kuma sai an yi dakon man a tanka daga nesa, ba ƙaramin nauyi ba ce.

Dalili na biyu shi ne lissafi ya juya. Kafin janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 ana sayen litar fetur a wajen naira 190, amma kafin ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000. A watan Afrilun 2024 aka ɗaga farashin wuta ga masu rukunin A, waɗanda aka yi wa alƙawarin awa 20 a rana, daga kimanin naira 68 zuwa 225 a kan kowane yunit. A ɗaya ɓangaren kuma farashin farantin sola a kasuwar duniya ya faɗi da kimanin kashi 90 cikin 100 tsakanin 2010 da 2020. A da, ɗan ƙaramin janareta da fetur mai araha su ne babban kishiyar sola. Yanzu mai walda da tela da mai ƙanƙara sun san abin da mai ke ci daga cinikinsu kowace rana, ba sai an yi musu dogon wa'azi ba.

Dalili na uku shi ne doka da tallafi. Tun 2016 hukumar NERC ta fitar da ƙa'idar ƙananan tashoshi masu ƙarfin da bai wuce megawat 1 ba, ta sabunta ta a 2023, kuma ƙa'idar ta ba da damar a ƙulla yarjejeniya tsakanin al'umma da mai ƙaramar tasha da kamfanin rarrabawa a unguwannin da ke da layi amma wuta ba ta isarsu, kamar yadda aka yi a Zawaciki ta Jihar Kano. Dokar Lantarki ta 2023 ta bai wa jihohi ikon tsara kasuwarsu, har jihohi irin su Inugu da Ekiti da Ondo suka karɓi wannan iko a 2024. A watan Disambar 2023 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 750 domin shirin DARES, wanda aka tsara zai amfani 'yan Nijeriya miliyan 17.5 ta hannun kamfanoni masu zaman kansu. Gani kuma ya kori ji: a 2018 Hukumar Samar da Lantarki a Karkara ta shigo da 'yan kasuwa suka fara sayar wa rumfunan kasuwar Sabon Gari ta Kano wutar sola ta mita, a 2019 kuma aka buɗe tasha mai megawat 7.1 a Jami'ar Bayero.

Dalili na huɗu, wanda mu Sakkwatawa muka fi kowa mantawa da shi, shi ne ilimin abin yana gidanmu. Tun 1982 aka kafa Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. A nan aka gwada haskaka ƙauyen Kwalkwalawa da sola mai kilowat 7.2, aka kafa injin iska mai kilowat 5 a Sayya Gidan Gada, aka ƙera na'urorin busar da amfanin gona da murhu mai tsimin itace. Farfesa Abubakar Sani Sambo, wanda ya shugabanci Hukumar Makamashi ta Ƙasa daga 2005 zuwa 2012, ya taɓa riƙe wannan cibiya. Garin da ya shafe shekara arba'in yana nazarin rana bai kamata a ce sai an zo daga Legas an koya masa cin moriyarta ba.

Masu saye kuwa ba sai an neme su da fitila ba. Ga rumfunan Babbar Kasuwa da Tsohuwar Kasuwa, ga masu walda da masu niƙa da masu ruwan leda, ga asibitoci da ɗakunan shan magani da ke buƙatar firjin ajiye allurar rigakafi, ga rijiyoyin burtsatse na unguwanni, ga makarantun kwana. Fita bayan gari kuma, ga manoman rani a fadamun Kware da Wurno da Goronyo, waɗanda fetur ɗin injin ban-ruwa ke cinye ribar albasa da shinkafarsu. Kamfanin da zai kafa famfon sola ya riƙa sayar wa manomi ruwa a kan kowace kadada, a biya shi bayan girbi, ya samu kasuwar da ba ta ƙarewa.

Tarnaƙin da ke gaba

To, idan haka ne, me ya hana? A nawa ganin babban tarnaƙi shi ne kuɗi, kuma ba yawansu kaɗai ba, har da irinsu. Kamfanin hidima yana zuba jari ne yau ya tsinci abinsa cikin shekara biyar ko bakwai, alhali bankunanmu sun saba da bashin wata shida ko shekara ɗaya na mai sarin shinkafa. A ƙarshen 2024 ma'aunin kuɗin ruwa na Babban Bankin Nijeriya ya kai kashi 27.5 cikin 100, wanda ke nufin ƙaramin ɗan kasuwa zai karɓi bashi a kan abin da ya haura haka. Banki kuma zai nemi takardar fili ko gida, ba zai karɓi alƙawarin rarar da za a samu nan gaba a matsayin jingina ba. Daɗin daɗawa, faranti da batir da inbata kusan duk daga waje ake shigo da su da dala, ciniki kuwa da naira ake yin sa. Wanda ya ƙulla yarjejeniyar shekara biyar a farkon 2023, lokacin da dala take wajen naira 460 a farashin gwamnati, ya wayi gari a 2024 ta haura 1,500, da me zai musanya batir ɗin da ya mutu? Ga kuma wani abu da masu tsara shirye-shirye daga nesa ba su cika lura da shi ba: da yawa daga attajirai da 'yan kasuwarmu ba za su taɓa bashi mai ruwa ba ko da kyauta ya yi kama, saboda tsoron riba.

Tarnaƙi na biyu shi ne amana, kuma ta kowane ɓangare ta yi rauni. Jama'a sun sha sayen faranti da aka rubuta wa ƙarfin da ba shi da shi, da tsohon batir da aka wanke aka sake wa kwali, sun kuma sha fama da masu haɗi da suka koyi aikin cikin mako biyu. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Su ma kamfanoni suna da nasu tsoron. Shekarun da aka kwashe ana kawo takardar kuɗin wuta ta ƙiyasi ba tare da wuta ba sun koya wa mutane da yawa cewa ƙin biyan kuɗin wuta da zagaye mita wayo ne. Ranar da mai hulɗa ya ƙi biya, shari'ar kwangila a kotu na iya cin shekaru, kafin nan jarin ƙaramin kamfani ya narke.

Na uku shi ne awo. Kwangilar tsimi tana tsayawa ne a kan sanin abin da ake kashewa kafin a fara aiki. Wuraren sana'a nawa ne a garin nan ke da rubutaccen lissafin litar man da suka ƙona a bara? Inda babu mita kuma babu littafi, gardama ce za ta biyo baya, kamfani ya ce ya rage rabi, mai wuri ya ce bai ga bambanci ba. Bugu da ƙari, mutumin da ya saba kunna fanka awa huɗu saboda tsadar mai, ranar da ya samu wuta ta dindindin zai kunna ta awa ashirin ya ƙaro firji, sannan ya ce ba a yi masa tsimin komai ba.

Na huɗu shi ne yanayinmu da kansa. Ana auna ƙarfin faranti ne a kan zafin ma'auni 25, kuma duk abin da ya hau haka ƙarfin raguwa yake yi da kaɗan-kaɗan. Ƙurar hunturu tana lulluɓe faranti cikin 'yan kwanaki idan ba a goge ba. Batir irin na dalma, wanda aka fi saye saboda araha, tsawon ransa na raguwa da kusan rabi a duk ƙarin zafi na ma'auni 10. Lissafin da aka yi domin Jos ko Turai ba zai yi aiki a Sakkwato ba. Amma a lura, wannan tarnaƙi hujja ce ga kamfanin hidima, domin abin da ke buƙatar kulawa ta yau da kullum ya fi dacewa da hannun wanda abincinsa ke ciki.

Na biyar ita ce gwamnati, a matsayinta na mai saye da kuma mai kyauta. A ƙasashen da wannan kasuwanci ya bunƙasa gwamnati ce babbar abokiyar ciniki. A nan kuwa a watan Fabrairun 2024 sai da kamfanin rarraba wuta na Abuja ya buga sanarwar zai yanke wa ma'aikatu da hukumomin gwamnati wuta, har da fadar shugaban ƙasa, saboda bashin sama da naira biliyan 47. Wane ƙaramin kamfani ne zai iya jiran irin wannan mai saye? Kasafin kuɗi na shekara-shekara ne, kwangilar hidima kuwa ta shekaru ce, kuma sabuwar gwamnati ba ta cika mutunta alƙawarin tsohuwa ba. Kada kuma mu yi wa kanmu ƙarya, a wurare da dama akwai masu lasar romo a sayen dizal, waɗanda tsimi asara ce gare su. Ta fuskar kyauta ma akwai illa. Fitilun sola na kan titi da rijiyoyin mazaɓu da ake kafawa ba tare da tanadin gyara ba sun cika garuruwanmu a mace, sun ɓata wa sola suna, sun kuma sa mutane na ganin abin da ya kamata a ba su kyauta ne.

Na ƙarshe su ne talauci da tsaro. Rahoton Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2022 ya nuna kimanin kashi 91 cikin 100 na mutanen Jihar Sakkwato suna cikin talauci ta fuskoki da dama, mafi yawa a duk ƙasar. Gidan da haske da cajin waya kaɗai yake buƙata ba zai iya riƙe ƙaramar tasha ba, sai an samu injin niƙa ko walda ko ban-ruwa da za su sha wutar da rana su ɗauki nauyin sauran. Yankunan da suka fi kowa buƙata kuma, irin su Isa da Sabon Birni da Rabah, su ne 'yan bindiga suka addaba, inda injiniya ba zai yarda ya kwana ba, balle mai jari ya bar kayan miliyoyi a fili.

Ina mafita?

Ba na cikin masu ganin cewa a jira sai komai ya daidaita. Shawarata ta farko ga gwamnatin jiha ce: ta rage sayen kaya, ta koma sayen hidima. Ta zaɓi asibitoci da makarantu da tashoshin ruwa kaɗan, ta ba da su kwangila a fili, a riƙa biyan kamfani a kan awoyin da wuta ta tsaya, daga wani asusu na musamman da ake zuba kuɗin tun kafin a raba kason wata, wanda sauyin gwamnati ba zai taɓa ba. Kuɗin da za a kashe a kan fitilun da za su mutu baɗi, in aka ajiye su a matsayin lamuni ga bankuna, za su jawo ninkinsu daga aljihun 'yan kasuwa.

Ta biyu ga bankunan da ba sa mu'amala da ruwa ce, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJ da ya biyo baya a 2019, tare da attajiranmu. Tsarin kamfanin hidima, inda kaya ke zama mallakin mai jari ana biyan haya har wa'adi ya cika, ya yi daidai da ijara da malamanmu suka daɗe da sani. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na masu sana'a, waɗanda suka iya adashe kuma suka san mai cika alƙawari a cikinsu, za su iya tsaya wa 'ya'yansu a dunƙule, abin da zai rage wa kamfani wahalar bin mutum ɗai-ɗai.

Ta uku, a mayar da Cibiyar Binciken Makamashi alƙalin tsakani. A kai mata faranti da batir ta gwada ta ba da shaida, ta auna wurin aiki kafin kwangila da bayanta, ta haɗa kai da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi a horar da matasa a ba su takardar da jama'a za su riƙa tambaya kafin su bar kowa ya hau musu rufi. Ta huɗu, kowace yarjejeniya a rubuta ta da Hausa, a karanta ta a gaban shaidu, da sanin shugaban kasuwa ko mai unguwa, a fayyace abin da zai faru in wuta ba ta zo ba da abin da zai faru in kuɗi ba su zo ba. Addininmu ma ya hore mu da rubuta bashi komai ƙanƙantarsa.

Ga matasanmu masu sha'awar shiga wannan fage kuwa, ina ba su shawara su fara da wanda ya riga ya saba biyan kuɗin mai kowace safiya, layin masu walda guda, ko rumfuna ashirin, ko manoma goma a fadama ɗaya. Su riƙe littafi, su cika alƙawari, su zo ranar da aka kira su. A garin da kowa ya san kowa, shago ɗaya da wutarsa ba ta yanke ba tsawon bazara ya fi kowace sanarwa a rediyo.

Mu kuma masu amfani da wuta akwai namu nauyin. Wanda ya sha ruwan ɗan ga-ruwa bai taɓa cewa kyauta ba ne don daga sama Allah Ya saukar da shi. Rana kyauta ce, amma faranti da batir da gumin mai gyara ba kyauta ba ne. Ranar da mai jari ya yarda ya yi haƙuri, mai kamfani ya riƙe amana, mai saye ya biya abin da ya sha, wannan zafin da muke kuka da shi kowace bazara zai zama arzikin da wasu garuruwan za su yi sha'awa. Allah Ya ba shugabanninmu ikon yin abin da ya dace, mu kuma Ya ba mu ikon riƙe amana, amin.